Jiragen Kaya Masu Gudu da Laƙabobinsu: Tambayoyi da Amsoshi

Idan aka yi zancen jirgin ƙasa mai suna, hankali yakan tafi kan jiragen fasinja na alfarma, masu ɗakin cin abinci da gadajen kwana. Amma jiragen kaya ma sun yi nasu zamanin na suna da kirari, musamman a Amurka da Birtaniya, daga wajajen 1925 zuwa tsakiyar shekarun 1970. Wasu sunayen ofishin talla ne ya ƙago su, wasu kuma ma'aikata ne suka laƙaba a bakin aiki har suka bi jirgin. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu.

Wai akwai jirgin kaya mai gudu? Ai abin da muka sani shi ne rarrafe.

Akwai, amma sai an gane abin da ake nufi da gudun. Tarago mai kaya ba a kan tafiya yake cinye yawancin lokacinsa ba, a tsaye yake cinye shi. Ya jira a cika jirgi, ya jira a filin da ake warware taragai a sake haɗa su, ya jira a layin gefe har jirgin fasinja ya wuce, ya jira a canja ma'aikata. Har yau a Amurka ba abin mamaki ba ne tarago ya kwana ya yini a irin wannan fili guda ɗaya. Saboda haka jirgin da ke tafiyar kilomita 70 a awa ba tsayawa zai riga wanda ke zabga 110 amma yana yada zango a kowane gari.

Ma'aikatan reluwen Amurka sun raba jiragen kaya gida-gida. Akwai wanda suke kira drag: dogon jerin taragan kwal ko tama ko fanko, a ɗora wa kan jirgi iyakar abin da zai iya ja, ya isa ranar da ya isa. Akwai manifest, mai kaya iri-iri da jadawali. Sai kuma hotshot, ɗan gatan layi. Yana da lokacin tashi da na isa kamar jirgin fasinja, ba a cika masa nauyi, kuma jami'in da ke raba hanya yakan kawar da kowa gefe domin ya wuce. Wannan fifikon shi ne asalin gudun. Sunan da ake raɗa wa jirgin kuwa, babban aikinsa shi ne ya sa kowa a kan layin, daga mai juya makullin hanya har zuwa manaja, ya san cewa wannan ba a tsare shi.

Wane irin kaya ne ya fara sa kamfanoni gaggawa?

Kayan da ke mutuwa ko ruɓewa, kuma dabbobi ne kan gaba. A 1873 majalisar Amurka ta yi dokar da ta hana a bar dabbobi a cikin tarago fiye da awa 28 ba tare da an sauke su an ba su ruwa da abinci sun huta ba. Gyaran da aka yi wa dokar a 1906 ya ba mai dabbobi damar neman a kai awa 36. Sauke shanu da sake loda su kuɗi ne da ɓata lokaci, ga shi kowace awa a hanya rama ce, nama ne ke zubewa. Don haka kamfanoni suka riƙa tsara tafiya yadda jirgin shanu zai isa mayankar Shikago ko Kansas City ko Omaha kafin wa'adin ya cika.

Sai nama da kayan gwari. Tun wajajen 1880 Gustavus Swift ya fara tura yankakken nama daga Shikago zuwa biranen gabas a taragai masu ƙanƙara. A 1906 kamfanonin reluwe na Union Pacific da Southern Pacific suka haɗa hannu suka kafa Pacific Fruit Express domin kwaso lemo, inabi, latas da makamantansu daga Kalifoniya. Taragon yana da rumbu a kowane ƙarshe, da murfi a rufinsa. Jirgi zai tsaya a gefen wani dogon dandamali da ya yi daidai da rufin taragai, ma'aikata su turo manyan dunƙulen ƙanƙara da sanduna masu ƙugiya, su farfasa, su zura ta murfin, wani lokaci su watsa gishiri don sanyin ya ƙaru, su rufe, jirgi ya ƙara gaba. Kusan kullum sai an maimaita wannan aiki har a isa gabas. In aka makara ƙanƙara ta narke, latas ya zama shara.

Ayaba kuwa kamfanin reluwen Illinois Central ne ya yi suna a kanta. Jiragen ruwa su sauke ta a New Orleans, jirgin ƙasa ya yi arewa da ita zuwa Shikago. A wani ƙaramin gari, Fulton na jihar Kentucky, ake tsayawa a duba sanyin taragai, a ƙara ƙanƙara, a rarraba su. Garin da ba ya noman ayaba ko gindi ɗaya sai ga shi da kirarin babban birnin ayaba na duniya, har yana yi mata biki shekara-shekara.

Gaskiya ne an taɓa tsayar da jiragen fasinja domin jirgin siliki ya wuce?

Gaskiya ne. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon shekarun 1930, ɗanyen siliki daga Japan da Sin yakan sauka a tashoshin ruwa na Vancouver, Seattle da San Francisco, a ɗauke shi a jirgin ƙasa zuwa New York inda kasuwarsa take, kusa da masaƙun New Jersey. Siliki ba ya ruɓewa kamar ayaba, kuɗi ne ke ƙonewa. Kayan jirgi guda na iya kai miliyoyin daloli, inshora bisa awa ake biyanta, bashin da aka ci aka saye shi yana tara ruwa, farashi kuma na iya faɗuwa kafin a isa.

Tun kafin jirgin ruwa ya gama ɗaure igiya an jera taragai a bakin gaɓa. Irin taragan da ake haɗawa da jirgin fasinja ake sa wa, waɗanda ƙafafunsu ke jure gudu, an toshe cikinsu saboda ƙura da danshi, ga masu gadi da bindiga. A tashar canja kan jirgi 'yan mintoci kawai ake yi. Great Northern, Northern Pacific, Milwaukee Road, Canadian Pacific da Canadian National duk sun yi rige-rigen wannan kaya, kuma sau da yawa jirgin siliki yakan fi jirgin fasinjan kamfanin sauri. A 1927 wani na Canadian National ya kauce daga layi a kwarin kogin Fraser, ƙullin siliki suka yi ta yawo a ruwa mutane suna tsamowa. Harkar ta mutu ne bayan karyewar tattalin arziki ta 1929 ta rushe farashi, jiragen ruwan Japan kuma suka koma bi ta mashigin Panama kai tsaye zuwa New York da araha. Zaren nailan ne ya ƙarasa ta.

Me ya haɗa jan ƙwallo da jirgin kaya?

Wajajen 1892 kamfanin Santa Fe ya fara manna kati mai jar da'ira a jikin taragan kayan gaggawa. Ma'aikacin fili ko bai buɗe takarda ba, da ya hango jan tambarin ya san wannan ba mai kwana ba ne. Wasu kamfanoni suka kwaikwaya, har Red Ball ya zama sunan duk kayan da ake gaggawa da shi. Sunan ya tsallaka har soja: ayarin motocin da suka yi ta jigilar mai da harsasai daga Normandy zuwa bakin daga a Faransa a 1944, waɗanda akasarin direbobinsu baƙaƙen fatar Amurka ne, Red Ball Express aka kira su.

Akwai wani ƙwallon dabam. Kafin fitilun sigina, wasu mahaɗun layi suna da ƙwallon da ake ja sama da igiya a jikin doguwar sanda. In yana sama, hanya a buɗe take. Daga nan ma'aikata suka samo kalmar highball, wadda har yau madugun jirgi ke faɗa wa direba ta rediyo in lokacin tashi ya yi.

To me ya sa sai a shekarun 1920 da 1930 sunaye suka yawaita?

Mota ce ta ta da musu hankali. Kafin nan ɗan kasuwar da ke son aika katan goma na takalma ba shi da zaɓi sai reluwe. Kayansa bai cika tarago ba, sai a haɗa da na wasu, a sauke a wannan sito a sake lodawa a wancan, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba ta ci kwanaki. Da aka shimfiɗa kwalta, mai babbar mota ya zo ƙofar shago ya ɗauka da yamma ya kai da safe. Waɗannan ƙananan kaya kuwa su ne masu tsoka. Ga kuma fatarar da ta biyo bayan 1929, wadda ta rage kayan gaba ɗaya.

Martanin reluwe shi ne jirgin dare ɗaya: a karɓi kaya har lokacin rufe shaguna, a tashi da magariba, a isa kafin gari ya waye, motocin kamfani su rarraba ƙofa-ƙofa. Irin wannan alkawari yana bukatar sunan da za a buga a jarida da kalanda, domin lamba ba ta zama a kan ɗan kasuwa. Pennsylvania Railroad ya riga ya nuna hanya tun tsakiyar shekarun 1920, lokacin da ya raɗa wa gomman jiragen kayansa sunaye, ciki har da Greyhound da Uncle Sam da Man o' War, sunan wani shahararren dokin sukuwa na zamanin. A 1931 shi da kamfanin New Haven suka fito da Speed Witch tsakanin Boston da Baltimore. Illinois Central ya kawo MS-1 a 1936, mai cinye kusan kilomita 850 daga Shikago zuwa Memphis a dare guda. Missouri-Kansas-Texas, wanda kowa ke kira Katy, ya sa wa nasa Katy Komet.

Wanne ne ya fi kowa suna a cikinsu?

A ganina Blue Streak Merchandise, ba don ya fi kowa gudu ba, sai don ya fi kowa daɗewa yana cika alkawari. St. Louis Southwestern, wanda aka fi sani da Cotton Belt, ƙaramin kamfani ne da manya suka yi wa zobe. Ranar 1 ga Oktoba 1931, ana tsakiyar fatara, ya tayar da wannan jirgi daga East St. Louis zuwa Pine Bluff a jihar Arkansas da garuruwan da ke gaba da nan, domin 'yan kasuwarsu su buɗe shago su tarar da kayan da suka yi oda jiya.

A 1932 Southern Pacific ya karɓi ragamar Cotton Belt, daga baya kuma aka miƙa tafiyar jirgin har Los Angeles, ta Texas da El Paso da hamadar Arizona. Kayan ciki suka sauya daga katan-katan zuwa sassan haɗa motoci, sannan tireloli da kwantena, amma sunan yana nan. Hanyar ta fi ta abokan hamayya tsawo, yawancinta kuma layi ɗaya ne da ake kaucewa juna, don haka ba a rama wannan sai da gudu da kuma tsoron manya. Duk jami'in da ya tsare Blue Streak a yankinsa ya san washegari zai yi bayani. Har ƙanne ya samu, irin su Memphis Blue Streak. Sunan ya rayu sama da shekara 60, zuwa lokacin da Union Pacific ya haɗiye Southern Pacific a 1996.

Me ya sa wasu taragan kaya na da suke da launi mai ɗaukar ido?

Taragon kaya na yau da kullum jan ƙasa ake shafa masa, fenti mafi araha. Na jiragen gaggawa ne ake yi wa kwalliya, don talla da kuma don kada su ɓace cikin taragan wasu kamfanoni. Southern Pacific ya fara Overnight tsakanin San Francisco da Los Angeles a 1935, daga baya ya yi masa baƙaƙen taragai, sannan masu launin azurfa. Ma'aikata kuwa Zipper suke ce masa. New York Central ya fito da Pacemaker a 1946 tsakanin New York da Buffalo, da taragai ja da toka. Baltimore and Ohio yana da Sentinel da Time-Saver. Fentin ya fi sabis ɗin daɗewa, domin da aka yi dokar gina manyan hanyoyin tarayya a 1956, ƙananan kaya suka koma mota kusan gaba ɗaya.

Su wa suka fi iya raɗa suna, kamfani ko ma'aikata?

Ma'aikata, nesa ba kusa ba. Ofishin talla kullum tauraro ne, ko kibiya, ko walƙiya, ko roka. Lehigh Valley ma, da zamanin rige-rigen zuwa sararin samaniya ya zo, sai ya sa wa nasa Apollo da Mercury. Ma'aikaci kuwa abin da hancinsa ya shaƙa ko garin da jirgin ya fito yake kira.

Mafi daɗin misali a Ingila yake, a kamfanin Great Western, inda jiragen kayan dare suka samu laƙabobi daga bakin masu aiki, har kamfanin ya ga abin ya karɓu ya buga su a littafin da yake raba wa 'yan kasuwa. Wanda ke tashi daga Reading, garin masana'antar biskit, shi ne The Biscuit. Na Kidderminster, garin masu saƙa darduma, The Carpet. Na Worcester The Sauce, saboda miyar kwalbar da garin ya yi suna a kanta. Na Bristol mai ɗaukar taba The Bacca. Akwai ma Flying Pig, alade mai tashi sama, wanda ke kawo nama Landan daga yamma. A layin Great Central kuma, jiragen kwal da ke sheƙa gudu tsakanin Annesley da Woodford ana ce musu Windcutters, masu yanka iska, ko da yake mutanen layin kansu sun fi cewa Runners.

A Amurka wasu matsakaitan kamfanoni, irin su Nickel Plate, Western Maryland da Reading, sun haɗa layukansu a 1931 domin su ja da manya. Takardar kaya ta cika da haruffan sunayensu, sai aka laƙaba wa hanyar Alphabet Route, jiragenta masu gudu kuma daga baya suka zama Alpha Jet.

Me ya sa Birtaniya, da ta haifi jirgin ƙasa, ta daɗe da jiragen kaya masu rarrafe?

Birki. Har bayan yaƙin duniya na biyu yawancin taragan kaya a can ƙanana ne masu ƙafa huɗu, an haɗa su da sarƙa mai zobe uku, ba su da birkin da direba zai iya kamawa daga gaba. Kan jirgi da taragon mai gadi na can baya ne kawai ke tsayar da jirgin. In za a gangara tudu mai tsanani sai a tsaya, mai gadi ya sauko ya bi taragai yana danne birkin hannu ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan jirgi da wuya ya wuce kilomita 40 a awa.

Masu gudu su ne 'yan tsirarun da aka sa wa birkin bai-ɗaya: na kifi daga Aberdeen, Grimsby da Hull, na madara, na nama. Kamfanin LNER yana da sabis ɗin kayan gaggawa mai suna Green Arrow, har ya sa wa kan jirgin farko na samfurin V2 wannan suna a 1936. A 1959 aka fito da Condor mai ɗaukar kwantena tsakanin Hendon a Landan da Glasgow, tafiyar kusan awa 10 cikin dare. Shi ya share wa Freightliner, tsarin jiragen kwantena na Birtaniya, hanya a 1965.

Wane jirgin kaya ne ya kafa tarihin gudu a doguwar tafiya?

Super C na Santa Fe. Shi ɗan zamanin goyo ne, abin da Amurkawa ke kira piggyback: a ɗora tirelar mota a kan shimfiɗaɗɗen tarago, jirgi ya yi doguwar tafiyar, mota ta ƙarasa zuwa ƙofar mai kaya. Chicago Great Western ya fara wannan tun 1936, Pennsylvania ya faɗaɗa shi da TrucTrain a tsakiyar shekarun 1950, New York Central kuma ya kawo Flexi-Van a 1958.

Ranar 17 ga Janairu 1968 Super C ya tashi daga Shikago zuwa Los Angeles, kimanin kilomita 3,500. Jadawalinsa awa 40 ne, amma tafiyar farko a awa 34 da minti 35 ya yi ta. Super Chief, jirgin fasinjan alfarma na kamfanin, awa 39 da minti 45 jadawalinsa ya ba shi. An yarda wa Super C ya kai mil 79 a awa, kusan kilomita 127. Taragai kaɗan ne, injin ya fi ƙarfin kayan, ba tsayawa sai canjin ma'aikata da shan mai.

A kasuwa kuwa bai yi abin a zo a gani ba. Kuɗin tirela ɗaya ya fi na jirgin yau da kullum nesa, 'yan kasuwa kuma suka nuna cewa isa ranar da aka yi alkawari ya fi musu isa da wuri. Wasu ranakun da 'yan taragai ƙalilan yake keta rabin nahiya. Kwangilar gidan waya ce ta riƙe shi, da ta suɓuce aka dakatar da shi a watan Mayun 1976.

Banda fifiko a hanya, me ya canja a jikin jirgin kansa?

Birkin iska na George Westinghouse ya zo a 1869, mahaɗin taragai mai kama kansa na Eli Janney a 1873, dokar tarayya ta 1893 kuma ta tilasta amfani da su. A 1925 masana'antar Lima ta Amurka ta ƙera kan jirgi mai faffaɗan murhu wanda tururinsa ba ya yankewa ko ana gudu da kaya, kuma da irinsa Nickel Plate ya riƙa ja da New York Central tsakanin Shikago da Buffalo daga 1934. Injin dizal samfurin FT na 1939 ya kawar da tsayawar shan ruwa, abin da ya fi damun Santa Fe a hamada.

Amma babban maƙiyin gudu ɗan ƙaramin abu ne, wato akwatin gindin ƙafa. A da tagulla ce ke zaune a kan gatarin ƙafar, ana cusa tsumman auduga jiƙe da mai a ƙarƙashi. In man ya bushe sai wurin ya yi zafi, ya fara hayaƙi, in ba a gani ba ƙarfen ya karye jirgi ya kife. Shi ya sa ma'aikatan taragon ƙarshe suka riƙa zama a sama suna leƙen jirgin a kowace kwana, suna kuma sauraron warin ƙuna. Boris mai mirginawa ne ya kawo ƙarshen wannan.

Akwai wanda ya rage da laƙabinsa har zamanin nan?

Jirgin lemo na Tropicana, kamfanin ruwan lemo. Tun farkon shekarun 1970 ya fara kwasar ruwan lemo daga Bradenton a Filorida zuwa New Jersey, kimanin kilomita 2,000, da jerin fararen taragai da suka sa aka yi masa kirarin Great White Juice Train. Ya ga kamfanonin layin suna haɗewa har suka zama CSX, amma masu kallon jirgi a bakin dogo Juice Train suka ci gaba da ce masa, ko da yake tun 2017 CSX ya koma haɗa taragansa da wasu jiragen.

Ina sauran sunayen suka tafi?

Kamfanonin da suka raɗa su sun mutu ko sun narke cikin juna. New York Central da Pennsylvania sun haɗe a 1968, haɗakar ta karye a 1970, Conrail, kamfanin da gwamnati ta kafa, ya gaje ta a 1976. Santa Fe ya shiga BNSF a 1995. Kwamfuta kuma ba ta da amfani da kirari, haruffa take so: ɗaya na ajin jirgi, wasu na tashar tashi, wasu na tashar sauka, sai kwanan wata. A BNSF da Union Pacific harafin Z ne na 'yan gata, masu ɗauke da tirelolin kamfanonin aika kaya irin UPS, kuma a layin Shikago zuwa Los Angeles suna kai mil 70 a awa, kusan kilomita 113. Abin dariyar shi ne ma'aikata sun mai da harafin laƙabi, suna cewa a kauce ga Z nan tafe.

Tun 1984 kuma, da kamfanin jiragen ruwa na American President Lines ya fara jiragen da ke ɗora kwantena biyu ɗaya bisa ɗaya, gasar ta koma kan araha da cika lokaci.

A yau ina ne jirgin kaya ya fi gudu?

Faransa ta riƙe kambin da rawayen TGV, jirgin ƙasa mai matuƙar gudu na gidan waya, wanda ya yi aiki daga 1984 zuwa 2015 yana kai kilomita 270 a awa, har wasiƙu suka ragu aka ajiye shi. Italiya ta gwada Mercitalia Fast a 2018, jirgin fasinja mai gudu da aka cire wa kujeru, tsakanin Caserta da Bologna cikin awa uku da rabi, shi ma bai daɗe ba. Cutar Super C ce ke kama su: kayan da ke iya biyan kuɗin irin wannan gudu jirgin sama yake bi.

Inda harkar ta bunƙasa shi ne tsakanin Sin da Turai. Layin Chongqing zuwa Duisburg a Jamus ya fara a 2011, na Yiwu zuwa Madrid a 2014, kimanin kilomita 13,000 cikin mako uku. Ba gudu suke ba, har sai an sauya wa kwantena taragai a kan iyaka saboda faɗin layi ya bambanta, amma sun fi jirgin ruwa sauri, sun fi na sama araha. Kafafen yaɗa labaran Sin suna kiran su ayarin raƙuman ƙarfe, sunan da duk wanda ya san ayarin gishirin Bilma zai gane nan take. Indiya kuwa sunayen macizai take sa wa dogayen jiragenta, irin su Sheshnaag da Vasuki, sai dai waɗannan tsawo ake yaba musu.

Ina Najeriya ta tsaya a wannan tarihi?

Dogonmu don nauyi aka gina shi, ba don gudu ba. Layi ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Faɗinsa milimita 1,067 ne, layi ɗaya mai yawan kwana. Gyaɗa, auduga, fatu da kuzar Jos ke gangarawa teku, goro, gishiri da kananzir ke haurowa. Dalar gyaɗa ta Kano, da ake tunawa da alfahari, wani ɓangarenta jiran tarago ne: buhuna sun fi ƙarfin abin da jirgi ke iya kwashewa a kaka ɗaya, sai a jera su har a samu wuri.

Kayan gaggawar namu shanu ne da goro, kuma tun da kwalta ta haɗa Arewa da Kudu suka koma tirela, tare da tumatir da tattasai da albasa. A 2016 an gwada maido da jigilar shanu a jirgi daga Gusau zuwa Legas. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, sabon layi mai faɗi na Legas zuwa Ibadan ya fara aiki a 2021, kuma ana ɗaukar kwantena a kansa daga Apapa zuwa Moniya. Ragowar aikin shi ne haɗa Ibadan da Abuja, da ƙarasa na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi.